Jinkirin Washewar Ido Bayan Aikin Shawarar Toshewa

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, kalmar shawara ta game duk cutar da ke mayar da ido ruwan ɗorawa, kuma jiƙon saiwar rawaya aka saba ba mai ita. Amma akwai wadda ba ta jin jiƙo, wato wadda tsakuwa ko ƙari ya toshe magudanar ruwan maɗaciya. Ita sai a babban asibiti, inda likita zai buɗe hanyar ko ya zura siririn bututu.

Abin lura shi ne, sauƙin ba ya zuwa a lokaci guda. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayi kan lafa, fitsari ya washe. Ido ne mai jinkiri, yakan kai mako 2 zuwa 6, domin wani kaso na launin ya riga ya manne wa furotin na jini, wanda rabinsa ma sai kusan kwana 20 yake gushewa. A wannan tsakanin ne dangi kan ce aiki bai ci ba, su koma wa jiƙo, alhali hanta ba ta gama farfaɗowa ba. Zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya sake yin duhu, su ne alamun hanyar ta sake toshewa, kuma a ranar ya wajaba a koma asibiti.