Tsakanin Girman Kai da Wulaƙanta Kai

Darasinmu na wannan fitowa a kan nafsi ne, wato ran mutum da yadda yake kallon kansa.

Tun daren da aka kai ki ɗaki, nasihar da kika fi ji ita ce yi na yi, bari na bari, sai haƙuri. Nasiha ce mai kyau. Amma da yawanmu mun ɗauke ta a karkace, har muna ganin mace ta gari ita ce wadda ta shafe kanta ƙaf: ba ra'ayi, ba buƙata, in an taka ta ma ita ce mai ba da haƙuri. Anya kuwa tawali'u ke nan?

Alƙur'ani ya siffanta nafsi da hali uku. Akwai mai yawan umurni da mummuna (Yusuf, aya 53), da mai zargin kanta (Ƙiyama, aya 2), da mai natsuwa (Fajri, aya 27). Ki lura, ba inda aka ce a kashe ta. A Suratus Shamsi, aya 9, rabauta na ga wanda ya tsarkake ta ne. Doki mai gardama linzami ake sa masa, ba a yanka shi.

To mene ne girman kai? Imam Muslim ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa wani mutum ya ji tsoron ko son tufa mai kyau da takalmi mai kyau girman kai ne. Annabi (SAW) ya nuna masa ba haka ba ne, ya bayyana girman kai da ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. Kin ga ke nan kwalliyarki, karatunki da sana'arki ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce ranar da abokiyar zamanki ko yarinyar aikinki ta faɗa miki gaskiya, kika ƙi ji don kawai daga bakinta ta fito.

Dubi Khaula bint Sa'alaba. Mijinta Ausu bin Samit ya yi mata zihari bayan ta tsufa a gidansa. Ba ta shige ɗaki ta ce ai ni ba kowa ba ce. Ta tashi ta je wurin Annabi (SAW), ta yi ta maimaita kukanta tana kai ƙara ga Allah, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala, sura ta 58. Aka ɗora wa mijin kaffara: 'yanta bawa, ko azumin wata 2 a jere, ko ciyar da miskinai 60. Abin da ya fi burge ni, a ruwayar Abu Dawud, ita ce ma ta taimaka masa da dabino don ya iya biya. Ta nemi haƙƙinta, kuma ba ta rusa gidanta ba.

Wadda ta raina kanta kuwa, ɓacin ran da take haɗiyewa ba ya ɓacewa. Kan yara yake sauka, ko ya zama kishi mai zafi, wata ma har ƙofar boka. Kuma wallahi ita ce ta fi shan wahalar cewa "na yi kuskure", domin kuskure ɗaya kan sa ta ji kamar ta ƙare. Zargin kai na gari yakan kai ki ga istigfari da gyara, sannan ki tashi ki ci gaba. Wanda ya hana ki barci, ya sa kina ganin Allah ba zai karɓi tubarki ba, waswasi ne.

In kuma baƙin cikin ya kai makonni, abinci ya fita ranki, ba kya jin daɗin komai, kada ki yarda a ce raunin imani ne kawai. Ki riƙe addu'a, ki faɗa wa maigida ko wata babba da kika amince da ita, a raka ki ki ga likita.