Abin Da Ruwa Ke Ɗauka A Cikin Ƙasa

In ruwan farko ya sauka a Keffi wajen watan Afrilu, akan ga ruwan rijiya marar zurfi ya yi launin shayi. Mutanen Tudun Ƙofa sukan ce laka ce. Ba laka kaɗai ba ce, gama ko ya kwana a tulu launin ba ya kwantawa.

Ga dalili. Ganye da kashin dabbobi in sun ruɓe, wani sashensu yakan narke a ruwa kamar sukari. Wajen rabin nauyin narkakken abin nan kabon ne, watau asalin gawayi.

Na gwada wa yaran ajina da gwangwani biyu masu huji a gindi, ɗaya cike da rairayi, ɗaya da jar ƙasa, muka zuba musu jiƙon ruɓaɓɓen ganye. Na rairayin ya fito da launinsa. Na jar ƙasar kuwa ya fito da haske, domin yumɓu da tsatsar ƙarfen da ta sa ƙasar ta yi ja sukan kama abin su riƙe, sa'an nan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su cinye shi.

Amma ƙwayoyin nan sukan bar wani gishiri, naitiret, wanda ƙasa ba ta riƙewa, ya fi yawa kuwa kusa da masai. Ba shi da launi, tafasa ba ta fid da shi, in ya yi yawa yakan hana jinin jariri ɗaukar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Shi ya sa ake haƙa masai ta gangare, a ƙalla mita 30 daga rijiya.