Darasin Wannan Wata: Ƙauyen Masu Sassaƙa Dutse

A ƙasar Zimbabuwe, can kudancin Afirka, akwai wani ƙauye mai suna Tengenenge. Yana arewa da Harare, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar kilomita 150. Sassaƙa dutse ita ce sana'ar mutanensa.

Yadda aka soma

Da can wurin gonar taba ce ta wani Bature, Tom Blomefield. A 1965 Turawan da ke mulkin ƙasar, wadda a lokacin ake kira Rodeshiya, suka ɓalle daga Ingila. Ƙasashen duniya suka sa musu takunkumin ciniki. Kasuwar taba ta faɗi. Leburorin gonar suka shiga damuwa, ga shi da yawansu baƙi ne daga Malawi, Mozambik, Zambiya da Angola.

Sai wani masassaƙi, Crispen Chakanyuka, ya nuna wa mai gonar cewa tudun da ke wurin cike yake da dutse mai kyawun sassaƙa. A 1966 leburori suka ɗauki guduma da kurfi. Yawancinsu ba su taɓa yin aikin ba. Da hannu suka koya, wannan yana kallon wancan.

Yadda ake aikin

Masassaƙi yakan zaɓi dutse, ya dube shi da kyau kafin ya taɓa. Sannan ya riƙa sara kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake fid da turmi daga gungume. Wani ya fid da siffar tsuntsu, wani ta dabba, wani ta uwa da ɗanta. Daga nan ya goge da magagari, ya bi da samfefa da ruwa har ya yi sumul. A ƙarshe sai ya gasa dutsen da wuta, ya shafa masa kaki. Kakin ya narke ya shige, dutsen ya yi baƙi wuluk yana sheƙi.

Ba a kai kayan shago. A fili ake jera su, bisa kututturai a gindin itatuwa. Kowane masassaƙi da nasa fegi. Dutsen yana da ƙarfi, yana jure rana da ruwan sama. Masu saye sukan zo daga nesa, su zagaya su zaɓa.

Abin da ya biyo baya

Yaƙin neman 'yanci na shekarun 1970 ya watsa yawancin masassaƙan. Da aka sami 'yanci a 1980, aikin ya farfaɗo. Ɗaya daga cikinsu, Bernard Matemera, ya ci lambar yabo a birnin Delhi na Indiya a 1986. Dutsen da manomi ke ganin ya tare masa gona, shi ya ciyar da iyalai masu yawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kasuwar taba ta faɗi?
2. Don me ake gasa dutsen da wuta?
3. A ina ake jera kayan?
4. Rubuta abubuwa uku da ake yi da dutse a ƙauyenku.