Me Ya Sa Fentin Motocin Gudu Ke Saurin Ɓarewa?

Akwai ƙananan motoci masu kujera biyu da ake ƙerawa domin tsananin gudu, irin su Porsche da Ferrari da Corvette. Kuɗinsu ba na wasa ba ne, amma ɗaya daga cikin koke-koken da aka saba ji daga masu su a Turai da Amurka shi ne na fenti. Tun mota ba ta tsufa ba sai a ga hancinta da gefen tayoyinta na baya sun yi ɗigo-ɗigo kamar zanzana, mai ita kuwa ya ɗora laifin a kan kamfani, ya ce an yi masa rowar fenti. Kafin a yanke hukunci, ya kamata ɗalibi ya san abin da ake nufi da kauri a wannan fage.

Ana auna kaurin fenti da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150. Takardar littafin rubutu ɗaya tana da kaurin kimanin maikiron 100. Ke nan abin da ke tsakanin ƙarfen mota da ruwa da rana bai kai kaurin takarda biyu ba.

Wannan ɗan kauri kuma hawa huɗu ne. Da farko ana tsoma gangar jikin motar a cikin ƙaton kwatami na fenti, a saki lantarki, sai ƙwayoyin fentin su manne a kowane lungu na ƙarfen. Kamfanin Ford ne ya fara amfani da wannan dabara a shekarun 1960. Kaurin wannan shimfiɗa kimanin maikiron 20 ne, ita ce kuma ke hana tsatsa. Ta biyu, mai maikiron 30 zuwa 40, tana daidaita fuskar ƙarfen tana kuma rage zafin bugun tsakuwa, tamkar katifa. Ta uku ita ce launi, wadda ido ke gani, ita ce kuma mafi siranta, domin ba ta cika wuce maikiron 20 ba. A bisa duka akwai shimfiɗa garai-garai marar launi mai maikiron 40 zuwa 50, wadda ke ba da ƙyalli, tana kuma ɗauke da sinadaran da ke tare hasken rana mai lalata launi. Daga nan sai a gasa motar a tanda mai zafin kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyas.

Ana yawan cewa don rage nauyi ake siranta fentin motocin gudu. A fagen tsere akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A shekarar 2022 wasu ƙungiyoyin gasar Formula 1 sun bar sassan motocinsu tsirara ba fenti domin sun kasa sauko da su zuwa mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda, kilogiram 798. Haka kuma Ferrari F40, wadda ta fito a 1987, ta yi suna da fenti mai sirantar da har ana hango saƙar zaren kabon da ke ƙarƙashinsa. Sai dai ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Idan fatar mota ta kai murabba'in mita 10, aka shafe ta da busasshen fenti mai kaurin maikiron 100, jimla lita ɗaya ce tak, nauyinta kuwa bai kai kilogiram biyu ba. Ga motar da za ta hau titi da direba da jakarsa, wannan ba abin a zo a gani ba ne.

Dalilan da suka fi ƙarfi su ne doka da kuɗi. Tsohon fenti ana narka shi ne da sinadarai masu saurin tashi a iska, waɗanda ke haddasa hazo mai cutar da huhu a manyan birane. Amurka ta kafa dokar tsabtace iska a 1970, ta ƙara tsaurara ta a 1990, Tarayyar Turai ma ta ƙayyade fitar da irin waɗannan sinadarai a 1999. Masana'antu suka koma ga launin da ake damawa da ruwa, da injunan feshi masu sarrafa kansu waɗanda ba sa ƙara ɗigo a kan abin da aka tsara musu. Wasu ma sun soke shimfiɗa ta biyu da tandarta gaba ɗaya don rage kuɗin wuta. Wannan sauyi ya shafi motar haya da motar attajiri baki ɗaya.

To, me ya sa motar gudu ta fi jin jiki? Amsar tana cikin darasin fiziks. Ƙarfin da tsakuwa ke bugun mota da shi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Tsakuwar da aka ci karo da ita a gudun kilomita 120 cikin sa'a ta ninka ta kilomita 60 sau huɗu, a kilomita 180 kuwa sau tara. Ga shi hancin irin wannan mota yana daf da ƙasa, daidai inda motar gaba ke watso tsakuwa. Tayoyinta faffaɗa ne masu taushin roba, suna tsintar duwatsu suna cilla su baya, ƙugunta kuma ya buɗe ya tare hanya. Shi ya sa tun a shekarun 1970 ake ganin baƙar garkuwa manne a gaban tayoyin baya na Porsche 911 Turbo.

Ƙara kauri ba ya magance matsalar, domin fentin da ya yi kauri fiye da kima yakan zubo tun yana ɗanye, ko ya tsattsage bayan ya bushe. Injiniya yana tsaka mai wuya: in ya taurara shimfiɗar sama, tsakuwa ta fasa ta kamar tangaran, in ya tausasa ta, tsumma ma ya karce ta. Inda sirantar ke cutarwa sosai shi ne wajen gugar ƙyalli. Duk lokacin da aka goge mota da inji don kawar da karce, ana kankare 'yan maikiron daga shimfiɗar sama, ita kuwa ba ta tofowa. Idan ta yi ƙaranci, rana ta ci abin da ya rage, sai ta fara saɓulewa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri, saboda haka share ta da busasshen tsumma daidai yake da gurzawa da samfefa.

Masu bincikar mota suna da 'yar na'ura da ke auna kaurin fenti ta hanyar maganaɗisu. Malami zai iya nuna asalin dabarar a aji: a ɗora maganaɗisu a kan farantin ƙarfe, a riƙa saka takarda ɗaya bayan ɗaya a tsakaninsu, ɗalibai su ji yadda jan yake raguwa. Idan ƙofa ɗaya ta nuna maikiron 400 alhali sauran jiki na nuna 120, to an taɓa sake mata fenti, abin da mai sayen motar hannu zai so ya sani.

Masu motocin gudu da yawa sukan manna wata leda garai-garai ta musamman a hancin motar tun tana sabuwa. An fara yin irinta ne domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi, kaurinta kuwa yakan kai maikiron 200, wato ya fi na shimfiɗu huɗun nan a haɗe.