Lambobi Masu Bin Juna: Daina Gwaji, Nemo Abin da Ke Ɓoye

Ga wata tambaya da ke kayar da masu shirin jarrabawar GMAT da GRE, har da waɗanda lissafi ya zauna musu: idan n cikakkiyar lamba ce, wacce ce lamba mafi girma da dole ta raba n³ − n ba saura? Za a jero maka 4, 6, 8, 12 da 24.

Abin da ɗalibi ya saba yi shi ne gwaji. Ya sa 3, ya sami 24. Ya sa 4, ya sami 60. Ya sa 5, ya sami 120. Duk ukun 12 tana raba su, sai ya danna 12 hankalinsa kwance. Ya faɗi. Da ya sa 6, da ya ga 210, wadda 12 ba ta raba ta. Amsar ita ce 6. Gwaji na iya ƙaryata zaɓi, amma ba ya tabbatar da shi, kuma a sashen lissafi na GMAT, inda ake ba ka tambaya 21 cikin minti 45 babu kalkuleta, ba ka da lokacin lalube.

Fara da warware lissafin. n³ − n ba komai ba ne illa (n − 1) sau n sau (n + 1), wato lambobi uku masu bin juna. Nan asirin yake. Ka ɗauki kwana bakwai a jere daga ko'ina a kalanda, dole ka tarar da Juma'a guda a ciki. Haka lambobi suke: cikin kowane uku a jere akwai guda da 3 ke rabawa, cikin kowane biyu akwai guda da 2 ke rabawa. Ba sai ka san wacce ba ce. In ka ninka su, 2 da 3 duk suna ciki, saboda haka 6 ta raba. Huɗu a jere, 24 ce ke rabawa. Biyar a jere, 120.

Masu tsara jarrabawa sun fi son ƙarin sharaɗi, kuma a nan nake so ka nutsu. Idan aka ce n mara ce, wato 2 ba ta raba ta, to maƙwabtanta biyu duk cika ne, kuma cika biyu masu bin juna dole ɗayansu 4 ta raba ta. Ga 2, ga 4, sun ba da 8. A haɗa da 3, an sami 24. Duba 6 × 7 × 8, wato 336, wanda shi ne 24 sau 14. Kalma ɗaya a cikin tambayar ta mayar da amsa daga 6 zuwa 24, don haka karanta sharaɗin kafin ka taɓa biro.

Tarawa kuwa dokarta daban, kuma da yawa suna cakuɗa ta da ta ninkawa. In yawan lambobin mara ne, jimillarsu ita ce ta tsakiya sau yawansu: 11 zuwa 15 sun ba da 65, wato 13 sau 5. In yawansu cika ne, kamar huɗu ko shida, yawan nan ba zai taɓa raba jimillar ba, domin tsakiyarsu ta faɗa kan rabi. 1, 2, 3 da 4 sun tashi 10, kuma 4 ba ta raba 10.

Sauran aikin sabo ne. Ka horar da idonka ya gane jeri ko an sa masa rawani: n² + n shi ne n sau (n + 1), n² + 3n + 2 kuma (n + 1) sau (n + 2). Mai shirin WAEC ko JAMB ma zai ci moriyar wannan. In har za ka gwada lamba, fara da mafi ƙanƙanta da sharaɗin ya yarda, irin su 2, domin su ne ke saurin tona zaɓin ƙarya.