Idan Hanjin Mara Lafiya Ya Kasa Karɓar Abinci

A ƙofar ɗakin kulawa ta musamman na Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko na Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ba ka rasa 'yan uwa riƙe da fulas ɗin kunu, alhali likita ya hana a ba mara lafiyarsu komai ta baki. Galibi hanji ne ya toshe, ko taifot ya huda shi aka yi tiyata, ko ɗinkin yana yoyo. Kunun da aka ɗura masa a ɓoye zai iya malala cikin ciki, ko ya yi amai ya shaƙe shi zuwa huhu. Rubutu da zamzam ma a shafa masa, a dakata da sha.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa ƙarin ruwa abinci ne. Lita guda ta ruwan sukarin da aka saba ɗaurawa ba ta wuce kalori 200 ba, mutum mai kilo 60 kuwa yana bukatar kusan 1,500 kullum. In aka daɗe a haka sai jiki ya koma cin naman kansa, ciwo ya ƙi warkewa.

Mafita ita ce ciyarwa ta jijiya, wadda Dakta Stanley Dudrick ya tabbatar da amfaninta a Amurka a 1968. Leda ce, sau da yawa fara kamar madara, mai sukari, kitse, sinadaran gina jiki, gishiri da bitamin. Ana sa ta ta siririn bututu a babbar jijiyar wuya ko ƙirji, inji yana ɗiga ta a hankali.

Tana da tsada, tana da haɗari. Ƙwayar cuta na iya bin bututun ta shiga jini, don haka kada kowa ya taɓa shi sai nas. Sukari kan hau. Wanda ya daɗe da yunwa kuma, in aka cika masa lokaci guda, gishirin jininsa kan faɗi har zuciya ta rikice. Kada ku ce ana yi masa rowa in an fara da kaɗan.

In kwana uku suka wuce bai ci ba, ku tambayi likita: me ake ciyar da shi, kuma yaushe za a gwada hanji ta bututun hanci? Ku nemi jin kuɗin mako guda tun da wuri don dangi su shirya. In leɓensa ya bushe, a jiƙa auduga a goga masa.