Rajistar Baƙi a Zauren Intanet: Nazari a Kan Sa Ido ga Na'urorin da Ke Hawa Layin Gida

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama, maigida ya san ko wane ne shi. A yau gidaje da dama suna da wani zaure na daban, wato na'urar rarraba intanet da ake kira rauta, wadda wayoyi da kwamfutoci da talabijin da kyamarorin tsaro suke bi ta cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda rauta take rubuta masu shiga, da kuma gwargwadon yadda za a iya dogara da rubutun nata.

2.0 Yadda Ake Yin Rajistar

Kowace na'ura mai hawa layi tana da lambar shaida mai alamomi 12, wadda masana ke kira adireshin MAC. Alamomi 6 na farko galibi suna nuna kamfanin da ya ƙera ta, domin cibiyar injiniyoyi ta IEEE ce take rarraba su ga kamfanoni. Idan na'ura ta iso, sai ta nemi masauki, rauta kuma ta ara mata adireshi, kamar 192.168.1.5, na wani ƙayyadadden lokaci, sau da yawa awa 24. Wannan tsarin aro shi ne DHCP, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa a 1993, aka sabunta su a 1997. Don haka abu huɗu ake samu a rajistar: sunan na'ura, da lambar shaidarta, da adireshin da aka ara mata, da lokacin aron. Maigida yana ganin su idan ya rubuta adireshin rautar a burauza, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1.

3.0 Amfanin Sa Ido

Amfani na kusa shi ne gane maƙwabcin da ya sami kalmar sirri yana cinye wa gida data. Na nesa kuwa ya fi haka girma. A ranar 21 ga Oktoba, 2016, an kai wa kamfanin Dyn na Amurka farmaki, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a. Rundunar da aka yi amfani da ita kyamarori ne da rautoci da makamantansu, waɗanda muguwar manhajar Mirai ta kame ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da na'urori kan fito da su daga masana'anta. Masu su ba su san ana yaƙi da kayansu ba. Abin lura a nan shi ne, waɗannan na'urori 'yan gida ne. Ke nan sanin wanda ya shigo bai wadatar ba, sai an duba yawan bayanan da kowace na'ura take fitarwa.

4.0 Raunin Rajistar

Rajistar shaida ce, amma tana da rauni uku. Na farko, sunan na'ura mai ita ne yake raɗa mata, kuma yana iya sauya shi yadda ya ga dama. Na biyu, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro lambar shaida ta daban ga kowane layi da suka hau, domin kada a bi sawun masu su. Saboda haka wayar ɗan gida tana iya bayyana kamar baƙuwa, ba tare da alamar kamfaninta ba. Na uku, yawancin rautocin gida suna ajiye rubutunsu ne a ma'ajiyar wucin gadi, wadda takan goge da zarar an ɗauke wuta. Inda lantarki ba ya tsayawa, rajistar jiya ba ta kwana. Maganin wannan shi ne a sa rauta ta riƙa aika rubutunta zuwa wata kwamfuta ta hanyar tsarin syslog, ko a riƙa ƙidaya na'urorin da manhaja irin Fing ko Nmap.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa rajista ba ta amfanar wanda bai san 'yan gidansa ba. Wajibi ne maigida ya rubuta na'urorinsa da lambobinsu, ya sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, ya kulle layin da tsarin WPA2 ko WPA3, sannan ya ware wa baƙi layinsu daban idan rautar tana da wannan dama. Idan ya ga baƙuwar lamba, ya fara tambayar iyalinsa kafin ya zargi maƙwabci, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Haka kuma ya sani cewa ƙidayar na'urori tsaron gida ne, amma bin diddigin abin da kowa yake karantawa ya shiga leƙen asiri.